Yadda Ake Gano Sababin Karkarwar A-kori-kura a Babbar Hanya, da Yadda Ake Magance Ta

Daga cikin illolin da ke samun motar a-kori-kura, ko tsohuwar Peugeot 504 ce irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko kuwa Toyota Hilux da ta gaje ta a hanyoyinmu, da wuya a sami wadda ta kai karkarwa cin dukiya a banza. Domin mota takan yi tafiyarta lami lafiya a cikin gari, amma da zarar an hau babbar hanya, allura ta doshi kilomita 90 ko 100, sai sitiyari ya kama ɓari, madubi ya dushe, mai mota kuwa ya shiga sayen kaya bisa zato, yau shokozoba, gobe boris, alhali illar tana nan inda take. Alƙali adali ba ya yanke hukunci sai ya ji shaidu, haka nan ya wajaba ga mai gyara ya bi bincike daki-daki, ya fara da abin da ba ya cin ko kwabo, kafin ya kai ga mai tsada.

Mataki na farko: gwaji a kan hanya

A nemi miƙaƙƙiyar hanya mai kyan kwalta, a lokacin da motoci suka yi sauƙi, a sauke kayan da ke bayan mota, sa'an nan a ƙara gudu sannu a hankali ana lura da abu huɗu. Na ɗaya, a wane gudu karkarwar ke farawa, kuma tana raguwa in an wuce shi, ko ƙaruwa take yi? Na biyu, a ina ake jin ta? Wadda ake ji a sitiyari galibi daga ƙafafun gaba take, wadda kuwa ake ji a kujera da daɓen mota daga baya take, ko daga farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya. Na uku, a taka kuloci na ɗan lokaci a bar inji ya sauko, mota tana tafiya da ƙarfin gudunta: in karkarwar ta ɗauke, to a tuhumi inji da robobin da yake zaune a kansu, in kuwa ta ci gaba, to inji ya kuɓuta daga zargi. Na huɗu, a taɓa birki a hankali: in sai an taka shi take bayyana, to mas'alar ta birki ce.

Akwai kuma wata alama da ƙwararrun direbobi ke dogara da ita, wadda lissafi ya tabbatar. Tayar Hilux mai lamba 265/65 R17 tana cin kusan mita 2.4 a kowane juyi, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa wajen sau 11 a daƙiƙa guda. Farfela kuwa tana juyawa kusan ninki huɗu na wannan. Don haka illar taya takan zo da girgiza mai nauyi wadda ido ke iya gani a sitiyari, ta farfela kuwa takan zo da zirniya mai sauri da gunji, har tafin ƙafa ya riƙa jin tsami.

Mataki na biyu: duba tayoyi

Mafi yawan karkarwa daga taya take, don haka nan ya kamata a daɗe. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a daidaita ta da adadin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A gwada kowane noti da sifana. A leƙa cikin rim ta baya, domin motar da ta bi hanyar ƙauye da damina takan ɗauko laka ta daskare a gefe guda, kuma wanke ta kaɗai ya isa magani. Kada a raina ƙanƙantar abin, gama ƙarfin fizga yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu: nauyin giram 30 da ya yi yawa a gefe ɗaya na bakin taya, a gudun kilomita 100 yana fizgar ƙafar mota da ƙarfin da ya kai kusan kilo 6, sau 11 a kowace daƙiƙa.

Bayan haka a sa wa mota waigi, a ɗaga ƙafa ɗaya da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi, domin ba ya halatta mutum ya amince wa jak shi kaɗai da ransa. A ɗora alli a kan bulo, a matso da shi har ya kusa taɓa taya, a juya ta da hannu. Taya mai lafiya takan wuce allin da tazara ɗaya. Wadda wayar cikinta ta rabu da roba kuwa takan zo da tudu, allin ya shafe ta a wuri guda ya bar sauran, zanenta kuma a gan shi yana karkacewa yana dawowa. A maimaita gwajin a gefen rim don gane wanda rami ya lanƙwasa. A kuma shafa tafin hannu a kan zanen: in an ji tudu da kwari a jere, to shokozoba ta mutu, ita ce ta bar taya tana tsalle har ta ci haka. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Duba waɗannan lambobi ya zama wajibi ga mai sayen tayar gwanjo, wadda zanenta kan yi kyau alhali cikinta ya tsufa.

Tun ƙafar tana sama, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: in ta yi wasa, ko aka ji gurnani yayin juya ta, boris ne ko mahaɗin ƙafa. A sake kama ta dama da hagu: in ta yi wasa, sandar sitiyari ce ta saki.

Mataki na uku: musanya da balansin

In ido bai ga kome ba, a mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba, a ɗaure notuna a gicciye, a koma hanyar da aka yi gwaji. In karkarwar ta ƙaura daga sitiyari zuwa kujera, hujja ta tsaya a kan taya. Daga nan sai wurin masu na'urar balansin. A tsaya a gani da ido an cire tsofaffin dalma, an wanke rim, na'ura ta nuna sifiri a ɓangarorin biyu. Kuma yana da kyau a ce wa mai aikin, “Malam, a kwance ta a sake ɗaurawa mu gani,” domin in lamba ta sauya da yawa a karo na biyu, to ɗaurin ne bai zauna a tsakiya ba. Amma a sani balansin yana gyara nauyi ne kawai, ba ya mai da taya mai tudu ta zama da'ira. Irin wannan sai canji. Haka nan alaimen maganin jan gefe ne da cin taya, ba kasafai yake kawar da karkarwa ba.

Mataki na huɗu: farfela

In tayoyi sun kuɓuta, kuma karkarwar tana ƙaruwa in an ba da wuta, tana sauƙi in an saki totur, ko ana jin ƙwas yayin tashi da sauya giya, to a shiga ƙarƙashin mota bayan an yi mata waigi gaba da baya, an sa giya a firi. A kama farfela kusa da kowane kuros, wato mahaɗinta mai siffar gicciye, a murɗa, a kuma tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan, jan ƙura mai kama da tsatsa a bakinsa kuwa alama ce ta cewa giris ya ƙare, alluran ciki suna cin juna. A duba robar boris na tsakiya a motar da farfelarta biyu ce, a duba ko dutse ya lotsa bututun, ko ɗan ƙarfen da masana'anta ta manna don daidaita nauyi ya fita. Sharaɗi ne kafin a kwance farfela a yi mata alama da fenti a kowace mahaɗa, domin in aka mai da ita a karkace da haƙori ɗaya, za a haifar da sabuwar karkarwa. Masu ƙara ganyen sifirin don ɗaukar kaya su lura cewa ɗaga bayan mota yana sauya kusurwar da kuros ke aiki a kanta, kuma sau da yawa daga nan illar take farawa.

Mataki na biyar: birki da inji

Karkarwar da ke zuwa da taka birki daga faifan gaba ko gangar baya take, waɗanda kaurinsu ya saɓa; a wanke su a injin juyi in da sauran kauri, in babu a canja na ɓangarorin biyu tare. Wadda kuma ake ji ko mota tana tsaye in an ba inji wuta, a nemi sababinta a robobin inji, ko filogi, ko nozul.

A kowane hali, abu ɗaya ake gyarawa a lokaci guda, a koma hanyar da aka yi gwajin farko, a gudu ɗaya, kafin a taɓa na biyu. Ta haka ne zato ke zama yaƙini. Illa dai akwai abu uku da ba su karɓar jinkiri: taya mai ƙullutu, da kuros mai wasa, da noti ko boris da ya saki. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, kada ya hau babbar hanya sai ya gyara, domin rayukan da ya ɗauko, da na waɗanda zai gamu da su a hanya, amana ce a wuyansa.