Digiri Na Biyu Ga Malaman Taraba: Wa Zai Biya, Kuma Me Za A Samu?

JALINGO — A ƙarshen shekarar 2023 Gwamnan Jihar Taraba, Agbu Kefas, ya shaida wa manema labarai a Jalingo cewa gwamnatinsa na da niyyar mai da digiri na biyu ya zama mafi ƙarancin takardar da za a nema daga mai koyarwa a makarantun sakandare na jihar, digiri na farko kuwa ga malaman firamare. Wannan ya biyo bayan shelar ilmi kyauta a firamare da sakandare da ya yi a cikin wannan shekara. Ga malamin da ke zaune a Barade, cikin garin Jalingo, mai iyali da albashi ɗaya tak, batun ya wuce na siyasa. Batu ne na aljihu, kuma sai an zauna an yi masa lissafi kamar yadda ɗan kasuwa ke yi kafin ya sari kaya.

Masanan tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago ta Amurka, Theodore Schultz da Gary Becker, su ne suka yaɗa ra'ayin nan a farkon shekarun 1960 cewa ilmi jari ne, watau ana kashe masa kuɗi yau don a ci ribarsa gobe. Tsadar wannan jari kashi uku ce. Akwai kuɗin makaranta, wanda kowa ke fara tambaya. Akwai kuɗin hidima, irin su mota da masauki da littattafai da buga kundin bincike. Sa'an nan akwai abin da mutum ya rasa saboda ya tafi karatu, wanda ba a ba da rasiɗinsa, amma sau da yawa shi ne mafi nauyi. Alal misali, albashi mafi ƙanƙanta da dokar ƙasa ta tsayar a watan Yuli na 2024 shi ne Naira 70,000 a wata. Ko da a ce iyakar abin da malami ke ɗauka ke nan, in ya tafi hutun karatu ba albashi na shekara biyu, ya bar Naira 1,680,000 a baya, ban da darasin yamma da gonar damina da yake toshe ɓaraka da su. Wannan ne dalilin da ya sa malamin da ke bakin aiki ya fi karkata ga karatun da ba zai raba shi da ajinsa ba.

Kafin a kai ga zaɓen makaranta, sai malami ya dubi takardar da ke hannunsa, domin ita ce ke nuna masa ƙofar da zai bi. Mai takardar shaidar malanta ta ƙasa, watau NCE, digiri na farko ne a gabansa tukuna. Wanda ya yi digiri a fannin lissafi ko kimiyya ko tarihi ba tare da horon koyarwa ba, abin da ya fara wajaba a kansa shi ne babbar difloma ta ilmi, wadda aka fi sani da PGDE, domin sai da ita Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ta kafa, za ta ɗauke shi ƙwararren malami. Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha da wanda ya fita da digiri mai daraja ta uku, su ma galibi jami'o'i kan nemi su fara da difloma ta gaba da digiri. Yawancin jami'o'i kan nemi takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, da kuma cikakken sakamako daga tsohuwar makaranta, wanda fito da shi kan ci lokaci, don haka gara a fara nemansa da wuri.

A lokacin da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a ran 27 ga Agusta, 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Malamin da ke son ƙarin ilmi sai ya nufi Yola ko Maiduguri ko Jos ko Zariya. Yanzu kuwa akwai Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008 zamanin Gwamna Danbaba Suntai, a filin tsohuwar kwalejin horon malamai da mutanen Jalingo ke kira ATC har yau, kuma tana da sashen ilmi da makarantar karatun gaba da digiri. Akwai Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011. Ga mai son karatu daga gida, akwai jami'ar NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo, kuma tana da cibiya a Jalingo. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana ba da PGDE ta hanyar karatun nesa, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'ar da ke cikin gari ta fi sauƙin kuɗin mota, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Amma fa karatu a jami'o'in gwamnati na da nasa haɗari, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, kuma kowane wata da karatu ya ƙara tsawo ƙarin tsada ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. A 1993, bayan yarjejeniyar da gwamnatin soja ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i a 1992, an kafa dokar harajin ilmi wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Da farko asusun ya shafi dukkan matakan ilmi, har da firamare da sakandare. A 2011 aka sauya dokar, asusun ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati kaɗai. Ma'anar wannan a aikace ita ce, malamin Kwalejin Ilmi ta Zing zai iya neman asusun ya ɗauki nauyin digirinsa na biyu ko na uku, amma malamin sakandaren da ke karantar da yaran Barade ba shi da rabo a ciki. Shi sai dai albashinsa, ko adashi, ko rancen ƙungiyar gama kai ta ma'aikata. Muddin jiha na son malaman sakandare masu digiri na biyu, to tambayar da ke kanta ita ce ko za ta ba da hutun karatu da albashi, kuma ga mutum nawa a shekara, tun da ba za a kwashe malamai gaba ɗaya a bar azuzuwa babu kowa ba.

Akwai kuskuren da ya kamata a kauce masa. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi a nemi izni a rubuce kafin a fara karatu, ko da na ƙarshen mako ne. Wanda ya tafi ba izni zai iya dawowa da takarda a hannu, ofis ya ƙi shigar da ita cikin fayil ɗinsa. Wanda aka ba hutu da albashi kuma, akan sa shi ya rattaba hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru bayan ya dawo. Har ila yau, wajibi ne a tabbatar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin.

To, ina ribar? A tsarin albashin gwamnati, mai NCE kan fara a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma digirin ne ke buɗe hanyar zuwa manyan matakai. Saboda haka tsallen da ya fi tasiri a aljihu shi ne daga NCE zuwa digiri na farko. Digiri na biyu yana ɗaga malami daga rukuni na uku zuwa na biyu a rajistar hukumar malamai, yana kuma taimakawa wajen neman shugabancin makaranta, amma ƙarin girma ya fi bin shekarun aiki da jarrabawa da samuwar gurbi. Shekaru ma suna cikin lissafi. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, don haka a inda ake aiki da ita, ɗan shekara 35 na da shekaru masu yawa na cin ribar karatunsa, saɓanin ɗan shekara 55. Babbar ribar digiri na biyu kuwa, abin takaici ga makarantun sakandare, ita ce yana ba mai shi damar neman koyarwa a kwaleji ko jami'a. Jihar da ba ta kyautata albashin mai wannan takarda ba, za ta horar wa manyan makarantu malamai ne kawai.

Wani masanin tattalin arziki, Michael Spence, ya nuna a 1973 cewa takardar shaida kan yi aiki a kasuwa a matsayin alama, watau tana bambanta mai ita da wanda ba shi da ita. Ranar da kowane malami ya mallaki digiri na biyu, alamar ta daina bambanta kowa, sai abin da aka koya kawai ya rage. Nan ne zaɓen fanni ya zama muhimmi. Fannin gudanar da makarantu na da farin jini, amma kujerar shugaba ɗaya ce a kowace makaranta. Taraba kuwa jiha ce mai harsuna da yawa ƙwarai, inda yaro kan shiga aji da harshen gida, ya ji Hausa ko Fulatanci a kasuwa, a yi masa jarrabawa da Turanci, don haka ƙwarewa a koyar da karatu da harshe abin nema ce. Haka ma koyar da lissafi da kimiyya, da ilmin naƙasassu wanda Jami'ar Jos ta daɗe da yin suna a kai, da ilmin 'ya'yan makiyaya wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa hukuma tun 1989, kuma ake bukatarsa daga gaɓar Binuwai har zuwa tsaunin Mambila.