Yaron da Lissafi ke Gagara: Bayani ga Iyaye da Malamai

A makarantun firamare akan sami yaro mai kaifin basira a wajen karatu da zane da ba da labari, amma da zarar an zo kan lissafi sai ya tsaya cik. Galibi akan ɗauke shi malalaci ko daƙiƙi, wani lokaci har a haɗa masa da bulala. Alhali kuwa waɗansu daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da wata tawaya wadda masana ke kira diskalkuliya, watau tawayar fahimtar adadi. Wani masani ɗan ƙasar Cakosulobakiya, Ladislav Kosc, ya yi mata cikakken bayani a 1974. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna tana shafar yara 3 zuwa 7 cikin ɗari, maza da mata. Ashe ke nan a ajin yara 60 ana iya samun biyu zuwa huɗu.

Yawancin yara in aka zube musu tsakuwa uku ko huɗu, da kallo ɗaya za su faɗi adadinsu. Mai wannan tawaya sai ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya. In aka tambaye shi wanne ya fi yawa tsakanin 8 da 5, sai ya yi jim. Dalili shi ne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yawan abu, wanda ke gefen kai ta sama, ba ya aiki kamar na sauran yara. Don haka yakan haddace "uku sau huɗu sha biyu" yau, gobe ta gudu, domin kalmomin ba su manne da wani adadi a zuciyarsa ba. Yakan kai aji biyar yana ƙirga da yatsu, karanta agogo ya gagare shi, in an aike shi kasuwa ya dawo da canji ba daidai ba.

Sai dai ba duk wanda ya faɗi lissafi ke da ita ba, kuma a nan ne ya kamata malami ya yi hattara. A fara duba ido da kunne. A bincika ko yaron yana fashin makaranta saboda aikin gona ko talla, ko kuwa Turancin da ake koyarwa da shi ne bai ji ba. Bayan haka malami ya keɓe shi, ba a gaban 'yan aji ba, ya gwada shi da tsakuwa, da kwatanta lambobi biyu, da ƙirga daga 20 zuwa ƙasa. A lura da tsawon lokacin da ya ɗauka, domin amsa daidai da aka samu bayan dogon ƙirgen yatsu ita ma alama ce. Bisa ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, ba a tabbatar da tawayar sai matsalar ta kai wata shida duk da taimakon da aka bayar.

Babu ƙwaya ko allura da ke warkar da ita, amma koyarwa mai kyau tana rage ta ainun. A fara da abin da hannu zai taɓa: marfin kwalba, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya. A ɗaure tsinkaye goma-goma, yaro ya gani da idonsa cewa 14 ɗauri ɗaya ne da tsinke huɗu, 41 kuwa ɗauri huɗu da tsinke ɗaya. Sai ya kama wannan tukuna a koma ga allo. Darasi gajere kullum ya fi dogo sau ɗaya a mako. Kada a hana shi yatsunsa ko takardar jadawalin sau, kuma a ƙara masa lokaci a jarrabawa. A gida, awon hatsi da mudu da wasan dara duk darasi ne. Duka da gori kuwa tsoro kawai suke ƙara masa, tsoron kuma ya ƙara toshe tunani.

Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilmi. Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, tana horar da malaman yara masu buƙata ta musamman. Iyayen da suka ga waɗannan alamu su fara da ganin shugaban makaranta, shi kuma ya miƙa batun ga sashen ilmi na ƙaramar hukuma.