Idan Aure Ya Mutu, Gidan Fa?

Ɗan'uwa mai karatu, wannan darasi ba shi da daɗin ji. Amma kai ma ka sani, ko a cikin ikilisiya akan sami miji da mata da zama ya ƙi. Fasto da dattawa sun yi ta kai da kawowa, abin bai gyaru ba. Matar ta koma gidan iyayenta, ko kuwa mijin ya tafi bida ya kama wata can. Sa'an nan wata magana ta taso wadda ba wanda ya tuna da ita ran biki: gidan da suka gina tare, na wa ne? Ɗaya yana so a sayar a raba kuɗi. Ɗaya kuwa ya ce ko ana ha-maza ha-mata ba shi fita.

Bari mu ɗauki misali. Wani ya yi shekara uku yana aiki a Abijan, ya komo ya sayi fili a bakin gari, aka rubuta takarda da sunansa. Matarsa tana yin mai da ƙuli-ƙuli, tana zuba adashi. Ta sayar da awakinta aka sayi kwano da ƙofofi. Ita da ƴaƴanta suka ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasa. Ba wanda ya rubuta kome, gama a lokacin akwai ƙauna. Yanzu fa? Mijin ya ce, "Ga takardata." Matar ta ce, "Ɗaga kanka ka dubi rufin." Dukansu suna da gaskiya, shi ya sa maganar take da wuya.

Ya kamata ka san abin da dokar ƙasarmu ta ce, domin mutane da yawa sukan yi barazana da shari'ar da ba su sani ba. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, wadda dokokin baya suka bi sawunta, alƙali yana bin al'adar masu ƙara a kan aure, saki da gado. Haka kuma a kan ƙasa, sai fa idan ƙasar tana da takardar mallaka irin wadda doka ta yarda da ita. To, idan ɗakunanku suna cikin gidan gado, a ƙasar kakannin miji, da wuya ƙwarai a tilasta sayarwa, gama ƙasar ba ta miji kaɗai ba ce, balle ta matar. Abin da matar za ta iya nema shi ne dukiyarta da ta zuba. A al'adarmu ta Hausa aure ba ya haɗiye dukiyar mace. Kayan ɗakinta nata ne, bisashenta nata ne, kuɗin sana'arta nata ne.

Idan kuwa fili ne da aka saya, sunayenku biyu suna kan takarda, to, an shiga babbar dokar da muka gada daga Faransa, wadda aka rubuta a 1804. Sashe na 815 ya ce ba a tilasta wa kowa ya zauna cikin tarayyar dukiya har abada. Kowane mai rabo yana iya neman a raba. Idan abin ba ya rabuwa ba tare da ɓarna ba, sai a yi gwanjonsa a raba kuɗin. Ashe dai ana iya tilasta sayarwa. Wanda ya ce maka ba a iyawa, ruɗinka ya yi.

Amma ka tsaya ka yi lissafi tukuna. Ka taɓa ganin an kai sa kasuwa don biyan bashi, kowa ya san mai shi ba shi da halin komawa da shi gida? Haka gidan gwanjo yake. Masu saye sun san dole ne, don haka ba su tayawa da daraja. Kafin ranar ta zo an biya lauya, an biya mai kai sammaci, an biya mota zuwa birni sau da yawa, wani zuwan ma a ce a komo wata mai zuwa, ga shi lokacin noma ne. Abin da ya rage shi za a raba biyu. Sau da yawa rabin nan ba ya sayen ko fili, balle gini. Ƴaƴan da suka tashi a gidan ubansu sai su koma gidan haya, ko a rarraba su wurin dangi.

Yanzu ka buɗe Littafi Mai Tsarki, Luka sura 12, daga aya 13. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Mai yiwuwa mutumin nan yana da gaskiya. Duk da haka Ubangiji bai karɓi aikin rabon ba, sai ya juya ya gargaɗi taron a kan kwaɗayi. Ya dubi zuciya kafin dukiya. Kai ma ka tambayi kanka a gaban Allah: don me nake so a sayar? Idan ba ka da wurin kwana, wannan bukata ce ta gaskiya, ba laifi ba ce. Amma akwai wanda ba kuɗin yake so ba. So yake ya ga an fitar da kayanta waje, maƙwabta suna kallo. Wannan ramuwa ce, ko da alƙali ya sa mata hannu.

Kai maigida, da kai zan daɗe, gama takarda tana hannunka, kuma ƙarfi yana wajenka. Karanta Malakai sura 2. Annabin ya ce Ubangiji da kansa ne mashaidi tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa. Mashaidin nan ya ga awakin da aka kai kasuwa, ko da ba a rubuta su ba. Idan ka tsaya gaban maigari ka ce ba ta sa ko dala ba, alhali ka san ta sa, ka yi shaidar zur, ka kuma ci dukiyar da ba taka ba. Bulus ya rubuta wa Timoti a wasiƙa ta fari, sura 5, cewa wanda ya ƙi kula da iyalinsa ya musunci bangaskiya. Auren ya mutu, amma ƴaƴan naka ne har yanzu, suna kuma bukatar rufi a kansu.

Ke ma ƴar'uwa, kada dangi su zuga ki ki ƙara a kan abin da kika sa. Ki faɗi gaskiya daidai. Neman hakkinki ba rashin kunya ba ne, kada kowa ya rufe miki baki da sunan haƙuri.

A 1 Korantiyawa sura 6 Bulus ya tsauta wa masu bi da suke kai juna ƙara a waje, kamar ba mai hikima ko ɗaya a cikinsu. Tsautawar ta kama dattawa ma. Idan suka goyi bayan mai kuɗi, ko suka ce da matar da ake duka ta koma ta yi shiru, su ne suka tura ta gidan shari'a. Hukuma kuma baiwar Allah ce don ta tsare marar ƙarfi. Amma a fara da gida. Ka tuna da Farawa sura 13: Ibrahim ne babba, amma ya bar Lutu ya fara zaɓe, aka rabu ba a zama abokan gaba ba.

Hanyoyi suna nan banda gwanjo. A kira magini biyu, kowa ya kawo nasa, su kimanta gidan. Mai son zama ya biya ɗayan rabonsa, ko da kashi-kashi ne, kowace kaka bayan an sayar da wake ko gyaɗa. Idan filin yana da faɗi, a ja katanga a buɗe ƙofa ta biyu. Akwai kuma wata hanya da mutane kaɗan suka sani: wannan sashe na 815 ya yarda masu tarayya su yi alkawarin jinkirta rabo har shekara 5, in ta cika su sabunta. Ta haka ƴaƴa za su gama makaranta a inda suke. Idan dole sai an sayar, ku sayar da yardar juna, ku jira mai saye na kirki.

Duk abin da kuka shirya, a rubuta shi. A karkara, dokar ƙasa ta 1993 ta sa a fara kai rikicin ƙasa wurin sarakuna don sulhu, ta kuma kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, masu ba da takardar saye da ta kyauta. A birni ku je wurin ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardu. A sa sunayen shaidu, da yawan kuɗin, da ranar kowane biya, kowannenku kuma ya riƙe tasa takardar.