Sankarar mafitsara in ta bazu

Mafitsara ita ce jakar fitsari. Alamar farko ta sankararta ita ce jini cikin fitsari. Shan taba da daɗaɗɗiyar tsargiya na kawo ta.

In ciwon ya kai ƙashi, huhu ko hanta, fiɗa ba ta isa. Likita na ɗura maganin sankara ta jijiya don ya rage ƙarfin ciwon. Ana kuma gasa wurin da haske don tsaida jini da rage zogi. An fara wannan aiki a Yamai a 2021. Morfin na kwantar da zafi mai tsanani. Waraka da wuya, amma majinyaci na samun sauƙi.

Ƴan'uwa, kada mu ce kowane jinin fitsari tsargiya ce. Mu je likita da wuri.