GYARAN WASAN KULOCI: MAGANIN GURZAR GIYA A MOTAR GONA DA TARAKTA

Manomi, ko kana da a-kori-kura mai kai maka amfanin gona kasuwa, ko kuwa ƙungiyarku ta haɗa kuɗi ta sayi tarakta, wataƙila ka sha jin wannan ƙara: direba ya taka kuloci zai sa giya, sai ka ji ƙurrr, kamar ana gurza ƙarfe da ƙarfe. Wasu sukan ce ai halin tsohuwar mota ne, su danna da ƙarfi har giyar ta shiga. To, wannan ƙarar haƙoran giya ne suke cin juna, kuma kowace gurzawa ɗaya tana rage musu kwana.

Sau da yawa laifin ba na giyabos ba ne. Fedar kuloci ce ta saki, kuma gyaranta ba ya wuce rabin sa'a da sifana biyu. Amma in aka ƙyale, ranar da za ta tsaya ba za ta yi shawara da kai ba. Tana iya zama ranar da ka loda kwandunan tumatir, ko makon da ruwan shuka ya sauka kowa yana jiran haro. Kuma ka sani, sauya faifan kuloci a yawancin taraktoci sai an raba tarakta gida biyu, injin gefe guda, giyabos gefe guda. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne.

YADDA KULOCI YAKE AIKI

Tsakanin injin da giyabos akwai wani faifai mai fata a fuskokinsa biyu, irin fatar birki. Shi ne faifan kuloci. Wani faifan ƙarfe mai sifirin yana matse shi a jikin babban faifan injin, wanda makanikai ke kira fulawil. Muddin yana matse, ƙarfin injin yana wucewa zuwa giya, daga nan zuwa tayoyi. In ka taka feda, wani boris yakan tura yatsun faifan matsin, sai ya saki. Injin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, giyabos ya huta, sannan giya ta shiga ba gardama.

Yanzu ka danna fedar da hannu a hankali. Da farko za ka ji tana tafiya sako-sako, ba nauyi. Can sai ka ji ta yi tauri. Wannan ɗan tazarar da take tafiya ba nauyi shi ake kira wasan kuloci, kuma da gangan aka bar shi, don kada boris ya riƙa taɓa yatsun kullum.

In wasan ya yi yawa, rabin takun da ka yi ya tafi a banza. Feda ta kai ƙasa amma faifai bai gama saki ba, giyabos yana nan yana juyawa. Shi ke nan sai gurza. An fi jinta a ribas da giya ta ɗaya, domin a tsofaffin motoci da yawa ribas ba shi da zoben tagullar nan da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu.

In kuwa wasan ya yi kaɗan, ko babu shi sam, to kamar ka ɗora ƙafa a kan feda ne dare da rana. Boris zai ƙone, faifai zai riƙa sulɓi. Za ka ji injin yana ihu a kan tudu amma mota ba ta ja, ga warin ƙuna. Wannan ya fi na farko tsada. Saboda haka kada ka ce bari in ɗaure shi tam in huta.

Abubuwa biyu ke canza wasan. Wayar kuloci takan miƙe, fin-fin da ramukansu sukan cinye, sai wasa ya ƙaru. Fatar faifai kuma tana cinyewa da aiki, wannan shi ke rage wasa a motoci masu sanda ko waya. Don haka ba a daidaita shi sau ɗaya a manta.

KAFIN KA ƊAUKO SIFANA

Ba kowace gurza ce daga feda ba. Yi waɗannan gwaje-gwaje tukuna, ba su cin ko kwabo.

Kashe injin, ka taka kuloci, ka bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya. In sun shiga lafiya, amma da ka tayar da injin suka ƙi, kuloci ne ba ya saki. Sai ka bar injin yana silo, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ka nemi ribas a hankali. In har yanzu yana gurza, magana ta tabbata.

In kuwa giya guda ce kaɗai ke gurza, misali ta biyu ko ta uku, kuma sai mota tana tafiya, sauran duk lafiya, to zoben tagullar wannan giyar ne ya cinye. Ko ka kwana kana juya notin feda ba zai gyaru ba. Wannan na makanike ne.

Duba ƙarƙashin feda. Abin dariya ne, amma an sha kai mota gareji alhali tabarmar roba ce ta naɗe, ko busasshen laka da ɓawon gyaɗa suka taru suka hana feda kaiwa ƙasa. Duba kuma ko silon injin ya yi sama da yawa, da ko man giyabos ya ragu.

Game da tarakta akwai abin lura. Tsofaffin taraktoci da yawa, irin su Massey Ferguson 135, ba a yi su don a canza giya ana cikin tafiya ba. Sai ka tsaya cik, ka taka kuloci, ka ɗan jira, sannan ka sa giyar da za ka yi aiki da ita. Yaron da ya koyi tuƙi a kan mota yakan zo ya riƙa canzawa a guje, ya ce tarakta ta lalace. Ba ta lalace ba, shi ne bai san halinta ba.

AWO

Ajiye motar a wuri mai faɗi wanda ba gangara. Kashe injin, zare makulli ka sa a aljihu, ja birkin hannu, sa weji a tayoyi. In tarakta ce, sauke garma ko haro ƙasa. Kori yara daga wurin.

Sami rula ko tef na awo. Kafa kan rular a daɓen mota kusa da feda, ka karanta inda fedar take. Danna ta da yatsu, ba da ƙafa ba, domin ƙafa ba ta jin inda taurin ya fara. Da ka ji tauri, tsaya ka sake karantawa. Bambancin shi ne wasan. In ba rula, tsinke ma ya isa: yi masa alama biyu, ka auna daga baya.

Nawa ya kamata ya zama? Kowace mota da nata, kuma littafin da ya zo da ita shi ne alƙali. Amma ga abin da aka fi samu. Ƙananan motoci masu kulocin mai, irin su Toyota Hilux, wajen milimita 5 zuwa 15. Masu waya sukan ɗan fi haka, har zuwa milimita 25, wato inci 1. Taraktoci da yawa kuwa daga inci 1 zuwa inci 1 da rabi a kan feda. Wasu taraktocin ba a kan feda ake aunawa ba, a tsakanin hannun feda ne da matakin ƙafa, kuma adadin ya fi ƙanƙanta. In littafin ya ɓata, tambayi makaniken da ya saba da irin taka, ko malamin gona ya haɗa ka da masu kula da taraktoci na yankinku. Rubuta adadin da fenti a cikin murfin akwatin sifana.

DAIDAITAWA

Bi fedar da ido ka ga abin da ke haɗe da ita. Ko sandar ƙarfe, ko waya, ko kuwa ɗan tulun mai.

Mai sanda. Ita aka fi samu a tarakta. A ƙarshen sandar akwai ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, da fin a tsakiya, da notin kulle a bayansa. Goge datti, ɗiga ɗan mai a kan zaren. Yi alama da alli don ka san inda ka faro. Sassauta notin kulle, cire fin, juya gwafar zagaye ɗaya, mayar da fin, sake aunawa. Ba zan ce maka dama ko hagu ba, domin wata sandar turawa take yi, wata ja. Rula ce za ta gaya maka: in wasa ya ragu, hanyar ke nan, in ya ƙaru, koma baya. Idan ya yi daidai, ɗaure notin kulle, ka sa sabon ɗan fin mai tsaga ka buɗe ƙafafunsa. Kada ka sa ƙusa ko guntun waya a madadinsa. In ya zame kana tsakiyar aiki, ba ka da kuloci ke nan.

A wasu tsofaffin Massey Ferguson babu gwafa. Fedar a ɗaure take a kan wani ƙarfe da ya fito daga jikin giyabos, kuma akwai rami a bakinsa. Sassauta notin da ya matse fedar, zura ɗan ƙarfe a ramin, juya har ka ji boris ya taɓa yatsu, riƙe shi a nan, saita fedar a tazarar da littafi ya ce, sannan ka ɗaure. Aikin mutum biyu ne.

Mai waya. Nemi noti biyu a ƙarshen wayar, ko dai wajen giyabos ko inda ta ratsa bangon injin. Sassauta na kulle, juya ɗayan kaɗan-kaɗan, kana aunawa. Amma duba wayar da kyau. In ka ga silinta sun fara tsinkewa, ko feda ta yi nauyi tana kakarewa, sayi sabuwa. Wayar da ta fara tsinkewa ja take jira.

Mai amfani da mai. Irin wannan ke jikin Hilux da Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, har yau kuma tana jigilar buhuna a ƙauyuka. A nan kada ka fara da noti, fara da mai. Buɗe ɗan tulun ka ga ko ya sauka. Man birki ake zubawa, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Kada ka kuskura ka zuba baƙin mai ko man giya, robobin ciki za su kumbura su lalace. Duba bayan feda da jikin masta na ƙasa, wanda ke manne da giyabos, ko akwai jiƙa. Sannan ka taka fedar sau biyar ko shida da sauri, ka nemi giya. In ta shiga bayan haka, iska ce a cikin bututu, ko robar masta ta gaji. Sai a cire iskar kamar yadda ake yi wa birki, a sauya robar in tana yoyo. Ƙara mai kullum ba gyara ba ne.

In mai lafiya, ba iska, sannan ka leƙa sama da feda. Akwai 'yar sanda da ke shiga masta na sama, da notin kulle. Ƙara mata tsawo yana rage wasa. Rabin zagaye a nan yana da yawa, saboda haka a hankali. Kuma dole ka bar ɗan motsi kafin sandar ta fara tura masta. In ka cinye shi duka, mai ba zai sami hanyar komawa tulu ba. Da safe mota lafiya, da rana ta yi zafi sai kuloci ya fara sulɓi, ka rasa dalili.

Wasu motocin zamani suna daidaita kansu, ba su da notin da za ka juya. Kada ka ƙirƙiro musu.

GWAJI BAYAN GYARA

Hau kujera kafin ka tayar da injin. Kada ka taɓa tayar da tarakta kana tsaye a ƙasa, balle wadda kulocinta ke da shakka. Tabbata giya tana firi, ba kowa gaba ko baya.

Taka kuloci, jira kaɗan, sa ribas. Ya kamata ya shiga shiru. Sa giya ta ɗaya, ƙafarka na ƙasa, saki birki: kada motar ta motsa ko kaɗan. Wannan gwajin ya fi duk sauran muhimmanci, domin lokacin ɗaura haro ko tirela akwai mutum a tsaye tsakanin tarakta da ƙarfe, kuma taraktar da ke rarrafe alhali an taka kuloci tana iya matse shi. Ɗago ƙafa sannu. A ƙaramar mota ya kamata ta fara kamawa bayan feda ta tashi kamar inci 1 ko fiye daga ƙasa, ba tun tana manne da daɓe ba, ba kuma sai ta kai can ƙoli ba.

Sai gwajin sulɓi. A fili, ja birkin hannu sosai, sa giya ta uku ko ta huɗu, ɗan ba da wuta, saki kuloci a hankali. Injin ya mutu nan take. In ya ci gaba da juyawa, faifai yana sulɓi. Sau ɗaya ya isa, maimaitawa ƙona faifai yake yi.

In taraktarka mai kuloci hawa biyu ce, rabin taku na farko tayoyi yake tsayarwa, na biyu kuma sandar baya mai juya injin sussuka ko famfo. In tayoyi suna tsayawa lafiya amma sandar bayan tana gurza in za ka sa ta, hawa na biyun ne, kuma a cikin kulocin ake daidaita shi ta wata 'yar taga a ƙarƙashi. Bar wa wanda ya iya.

IN GURZA BA TA DAINA BA

Wasa ya yi daidai amma har yanzu ƙurrr? To abin yana ciki. Ko faifai ya lanƙwashe, ko baƙin mai ya zubo masa ya yi danƙo, ko ɗan boris na tsakiyar fulawil ya kama. Haka nan in zaren noti ya ƙare ba ka sami wasan da ake so ba, faifai ya gama cinyewa. Kada ka yarda a yi wa sanda ƙari da walda don a ci gaba da lallaɓawa. Ƙusoshin faifan za su karce fulawil, kuɗin gyara ya ninka.

Taraktar da ta daɗe a ajiye, musamman inda akwai laima, faifanta yakan yi tsatsa ya manne da fulawil, feda ta tafi ƙasa amma kuloci bai saki ba. Don gudun haka wasu taraktocin suna da ɗan maƙali na riƙe feda a ƙasa lokacin ajiya. In taka ba ta da shi, tokare fedar da guntun katako, ko ka riƙa tayar da ita duk bayan mako biyu kana ɗan zagayawa.

Auna wasan kuloci duk lokacin da ka juye baƙin mai, da kuma wata guda kafin faɗuwar damina, tun makanike bai yi wuyar gani ba. Ka kuma lura da ƙafar direbanka in yana haro. In ka ga ya jingina ta a kan feda, ko yana rage gudu da rabin kuloci a bakin kunya maimakon ya sauko da giya, tsayar da shi ka nuna masa matakin da aka yi don ajiye ƙafa.