Kafin zobe ya hau yatsa, ya fara hawa sikeli

Wata rana da hantsi wata matashiya da ta taso daga Tsafe ta shigo shagon gwal na mai wannan rubutu a Gusau, ta kwance bakin gyalenta ta fito da zobe. Zoben baikonta ne, bai cika shekara biyu a hannunta ba. Damina ta kawo jiki, taki ya yi tsada, tana son ta tallafa wa mai gidanta. Ta ce, "Malam, duba mani wanga, nawa za ya yi?"

Zobe ne mai ɗaukar ido, fuskarsa cike da ƙananan duwatsu masu walƙiya. Sikeli ya nuna giram 5. A cikinsa akwai tambarin 750, wato karat 18. Da aka ciccire duwatsun sai nauyin ya dawo giram 4, kuma tunda kashi uku cikin huɗu ne kawai zinari a karat 18, tsantsar abin da ta mallaka giram 3 ne. Angonta kuwa kuɗin giram 5 ya biya, da ladan aiki a kai. Ba jabu aka sayar musu ba. Haka cinikin yake a yawancin shaguna: ranar saye ana auna dutse da farashin gwal, ranar sayarwa a cire shi a ajiye gefe. Abin da ya dami mai wannan rubutu shi ne ba wanda ya taɓa gaya musu haka, kuma irin wannan fuska ta mamaki ya sha ganinta a gaban sikelinsa.

Zoben baiko baƙo ne a tsarin aurenmu. Abin da iyaye suka sani shi ne na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, goro da alewar sa rana, lefe, sai sadaki wanda shi ne sharaɗin da aure ba ya tsayawa sai da shi. Zobe ya biyo finafinai da hotunan biki na Instagram da TikTok ya shigo. Ko a Amurka ma ba tun azal ba ne zobe mai dutsen daimon ya zama dole. Kamfanin De Beers ne ya zuba kuɗi a talla tun daga ƙarshen shekarun 1930 har samari suka yarda cewa ba a neman aure sai da shi. Wannan ba dalilin ƙyamar zobe ba ne, domin kyauta tsakanin masu neman juna abu ce mai kyau. Sai dai a ƙasar Hausa gwal ɗin mace ba ado kaɗai ba ne, shi ne asusunta. Da shi ake biyan asibiti, da shi ake cike kuɗin makaranta, da shi wata ke tayar da jari idan mijinta ya rasu. Saurayin da zai saya wa yarinya zobe ajiya yake ba ta, ko ya sani ko bai sani ba.

Ajiyar kuwa tana ƙara daraja. A watan Agusta na 2020 farashin oza ɗaya ta zinari, wato giram 31.1, ya haura dala 2,000 a kasuwar duniya, a watan Maris na 2025 ya haura dala 3,000. Ga kuma faɗuwar naira tun daga watan Yuni na 2023. Duk giram ɗin da ya salwanta a wurin saye asara ce da ke girma duk lokacin da farashi ya tashi.

To me waɗannan lambobi na cikin zobe ke nufi? Tsantsar zinari karat 24 ne, amma ya cika taushi, zobensa kan lanƙwashe wajen daka ko wanki. Don haka ake gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa. Tambarin 916 karat 22 ne, 875 karat 21 ne wanda shi ya fi yawa a kayan da mahajjata ke kawowa daga Saudiyya, 750 karat 18 ne kamar yawancin kayan Italiya, 585 kuma karat 14. "Gwal ɗin Dubai" da ake ta faɗa ba wani nau'in zinari ne na daban ba, sunan kasuwar da ya biyo ne kawai, kuma a can ma akwai 18, akwai 21, akwai 22. Tambarin kansa ba hujja ba ne, don ƙarfen buga shi ba wuyar samu gare shi ba. Hujja ita ce gwaji: a goga zoben a baƙin dutse, a ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, a ga ko zai tsaya. Maganaɗisu yana kama wasu jabun, amma tagullar da aka yi wa rufin zinari ba ta amsa masa, saboda haka kada a dogara da shi shi kaɗai.

A nan ne amfanin zuwa wurin maƙeri yake. Ƙirar fari tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, daban da ta maƙeran baƙi masu fartanya da garma. Kakanninmu sun narka tsohon kuɗin azurfa na Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda duk ake buga masa shekarar 1780, suka mayar da shi mundaye da awarwaro, kuma mai kaya yana zaune a gefe yana kallo. Wannan zama a gefen shi ne abin da kayan kanti ba su bayarwa. Wanda ya sa aka ƙera masa zobe shi ke zaɓar karat, shi ke yanke giram nawa aljihunsa zai ɗauka, ya ga an auna kafin wuta, ya ga an auna bayan an gama goge. Ladan aiki a fili yake, ba a ɓoye cikin farashin giram ba. Idan yana son dutse, sai a auna zinarin shi kaɗai, a yi cinikin dutsen daban da kuɗinsa na gaskiya, wanda ga duwatsun kwalba bai taka kara ya karya ba.

Wani saurayi malamin firamare daga Bungudu ya taɓa zuwa da 'yan kunne guda biyu da ba su dace da juna ba, da guntun sarƙa da ta tsinke. Na mahaifiyarsa ne, ta ba shi ta ce ya je ya ga abin da za su yi. Ya zo da niyyar ya sayar ya cika ya sayi zobe mai dutse irin wanda ya gani a waya. Aka gwada su, duka karat 21 ne. Mai wannan rubutu ya ba shi shawarar a narka su a gabansa. Aka zuga wuta, aka zuba a mazubi, aka buga, aka naɗe, aka goge, aka zana harafin farko na sunan yarinyar a ciki. Abin da ya biya ladan aiki ne kawai. An gaya masa tun farko cewa wuta da magagari za su ci ɗan kaɗan, kuma an rubuta nauyin farko da na ƙarshe a rasit. Maƙerin da ya ce babu abin da zai ragu ko kaɗan, ko wanda ya ƙi a tsaya a ga narkawa, a ɗauke kaya a ƙara gaba.

Wannan hanya tana kuma kuɓutar da mutum daga wani abin da mata da yawa ke faɗawa ciki ba da sani ba, wato ba da tsohon gwal a karɓi sabo a yi ciko. A shari'a zinari da zinari sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin wani maƙeri da ya tambayi Abdullahi ɗan Umar ko zai iya sayar da abin da ya ƙera da zinarin da ya fi shi nauyi don ya fitar da ladan wahalarsa, ya hana shi, maƙerin ya yi ta maimaita tambayar, amsar ba ta sauya ba. Mafita biyu ce. Ko a sayar da tsohon a karɓi kuɗi a hannu sannan a sayi sabo, ko a ba maƙeri naka ya sarrafa a biya shi aikinsa. Idan zinarin na maƙerin ne, a fara sayensa a biya a karɓa, sannan a miƙa masa aiki.

Akwai maganar da ya kamata a yi ta a fili tun kafin zobe ya bar hannun dangin ango: kyauta ne ko sadaki ne? A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Dinari giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Zobe mai giram 2 na karat 21 yana ɗauke da tsantsar zinari giram 1.75, ya wuce wannan ma'auni. Saurayin da ƙarfinsa bai kai ya yi biyu ba yana iya haɗa su wuri ɗaya idan yarinya da waliyyinta sun yarda, a ambata a gaban shaidu da nauyinsa da karat ɗinsa. Idan kuwa kyautar baiko ce, malaman Malikiyya da dama sun tafi a kan cewa namijin da ya fasa da kansa ba ya karɓar abin da ya bayar, idan kuma daga ɓangaren mace fashin ya zo yana da damar nema, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. An sha kawo zobe shago don a kimanta shi saboda rigima ta kai gaban alƙali, kowane ɓangare na faɗin nasa farashin, babu takarda ko ɗaya.

Awo ma yana ba samari wahala. Tunda ba a ɗaura aure ba, ba saurayi ke kama hannun yarinya ya gwada ba, gwaggo ko yayarsa ce ke kai zoben cikin kayan sa rana. Hanya mai sauƙi ita ce ƙanwarta ta aro wani zoben da take sawa a wannan yatsar a kawo wa maƙeri. Idan da zare za a auna, a yi shi da yamma, a kuma bi ta kan gaɓar yatsa. Yatsa na kumbura a zafin Afrilu, ta motse a hunturu, kuma ciki na fari kan sauya ta. Zobe mai santsi, ko mai dutse ɗaya, ana buɗa shi ko a rage shi cikin ɗan lokaci. Wanda duwatsu suka zagaye shi kaf, da an taɓa shi sai su fara zuba.

Shi angon kuwa ba ruwansa da zinari, an haramta wa maza. Azurfa ce tasa, kamar yadda zoben Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance na azurfa. Malikiyya sun iyakance shi ga zobe ɗaya da bai wuce nauyin dirhami biyu ba, kusan giram 6. A nemi mai tambarin 925, a gwada shi kamar yadda ake gwada gwal.

Da yake Zamfara ƙasar zinari ce, wasu samari kan zo da dabarar sayen ɗanyen zinari daga wani aboki mai zuwa wurin haƙa a Anka, Maru ko Bukkuyum, don ya fi araha. Mai wannan rubutu ba ya ba da wannan shawara. Ba a san tsarkinsa ba sai an tace, sau da yawa kuma akwai ragowar zaiba a jikinsa, wadda hayaƙinta guba ne idan aka ƙona ta a gida. Mutanen jihar nan ba su manta da 2010 ba, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma na ciki. Aƙalla yara 400 gubar dalma ta kashe, saboda ana niƙa dutsen zinari mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019 saboda matsalar tsaro, ba ta ɗage ba sai a watan Disamba na 2024. Wanda zai fara gina gida ya kamata ya san daga hannun wa zinarin zoben matarsa ya fito.

Bayan biki kulawar ba ta da yawa. A cire zobe kafin a sa hannu cikin ruwan bilic na wanki, don yana cin ƙarfen da aka gauraya da zinarin har zoben ya tsage. Wasu mayukan sauya launin fata na ɗauke da zaiba, ita ce ke mayar da gwal fari-fari, mace ta zo tana kuka an cuce ta alhali gwal ɗinta na gaske ne. Kayan rufi irin su GL ba laifi ba ne idan an saye su da sunansu da kuɗinsu, amma suna koɗewa, wasu kuma na sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Wadda gwal ɗinta ya taru har ya kai giram 85, kuma ajiya take yi da shi ba ado ba, ta tuntuɓi malami ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar kan batun zakka.

Matashiyar nan ta Tsafe ta sayar da zobenta a ranar, a farashin giram 4 na karat 18. Aka ƙulle mata duwatsun a 'yar takarda. Kafin ta fita ta ce ƙanenta na shirin kai kayan sa rana bayan girbi, a rubuta mata abin da zai tambaya. Aka rubuta mata a bayan rasit: karat nawa, giram nawa ba tare da dutse ba, nawa ne ladan aiki, a gwada a gabansa, mai shago ya sa hannu da kwanan wata. Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin gyalen da zoben ya fito, ta nufi tashar motar Tsafe.