Ba a gina izin sai da izini

Izin ita ce masana'anta, wurin da injuna suke aiki. Akwai izin ta jimar fata, akwai ta matsar man gyaɗa, akwai ta sabulu. Babbar mahauta ma tana cikinsu. Kusan dukansu suna shan ruwa mai yawa, kuma ruwan da ya shiga da tsabta yana fita da dauɗa. Ina wannan ruwa zai tafi?

Mutanen Matankari sun san ƙasarsu. Garin yana cikin Dallol Mawri, arewa da Dogon Dutsi. Ƙasar fadama rairayi ce, tana shanye ruwa nan da nan. A wurare da yawa ruwan rijiya yana kusa, ba kamar bisa tudu ba. Shi ya sa ake yin garka da rani. Amma ƙasar da ke shanye ruwan sama, haka za ta shanye ruwan dauɗa. Abin da aka zuba cikin rami bana yana iya fitowa cikin guga baɗi. Gyaran rijiyar da ta ɓaci ta ƙarƙashin ƙasa abu ne mai wuya ƙwarai, yasa kaɗai ba ta isa.

Masu fatauci zuwa Nijeriya sun ga misali a Kano. Can akwai unguwannin izin guda uku da aka sani: Bompai, Sharaɗa da Chalawa. Majemin ƙauye da bagaruwa yake jima. Manyan izin kuwa da wani magani suke yi, sunansa kurom. Shekara da shekaru ruwan jima da na rini yana gangarawa cikin kogin Chalawa da rafin Jakara, ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. Ruwa ya canza launi, ya yi wari. Da shi kuma masu lambu suke ban ruwa, su kai ganye kasuwa. An gina izin tukuna, aka koma neman magani daga baya.

A Nijar doka ta ce a fara da takarda. Tun 1966 aka yi dokar wuraren aiki masu haɗari ko masu ƙazanta. A 1998 aka yi babbar dokar kare muhalli. Dokar ruwa ta 2010 ta ce wanda ya ɓata ruwa shi zai biya. Sannan doka mai lamba 2018-28, ta ranar 14 ga Mayu 2018, ta shimfiɗa yadda za a binciki babban aiki kafin a soma shi.

Ga yadda abin yake. Mai son gina izin zai ɗauki masana da kuɗinsa. Su auna fili, su duba nisan rijiyoyi da gidaje da gonaki, su rubuta irin dauɗar da za ta fita da yawanta. Cikin takardun akwai zanen wurin tace ruwa. Ana kai su wani ofishi na ma'aikatar muhalli a Yamai, ana kiransa BNEE. In an ga gyara, sai a mayar masa. In an yarda, ministan muhalli ya sa hannu bisa takardar shaida. Ƙaramin aiki bincikensa gajere ne, babba kuwa sai an yi cikakke.

Zanen wurin tace ruwa ba abin tsoro ba ne, ko ga wanda jiya ya koyi karatu. Da fari akwai raga ta ƙarfe, kamar rariya, mai tare gashi da tsumma da guntayen fata. Daga nan ruwa ya shiga kwarmi na siminti ya kwanta. Laka ta sauka ƙasa, mai ya taso sama a kwashe. Duk macen da ta ajiye ruwan tabki cikin randa ya kwana ta san wannan. Bayan haka akwai manyan tabkuna na gini, inda rana da iska da ƙananan halittu da ido ba ya gani suke cinye sauran ruɓa. Amma waɗannan halittu ba sa cin kurom. Shi sai an sa wani magani ya kwantar da shi, a tsame shi daban. Lakar da aka kwashe ita ma tana son wurinta. In an zuba ta bayan katanga, ruwan farko na damina zai mayar da ita fadama.

Doka ta ce a ji ta bakin mutanen da aikin ya shafa. Wannan taro ba na gaisuwa ba ne. Sau da yawa akan tsaya kan maganar samari nawa za a ɗauka aiki, a manta da ruwa. Ya kamata mata su zo, don su ne masu zuwa rijiya. Makiyaya ma su zo, don bisashensu ba su san tabkin izin da na Allah ba. Mai garka ya tambaya ko an daɓe ƙasan tabkunan yadda ba za su yoyo ba. Ya tambaya ina ruwa zai bi in sun cika cikin watan Agusta, da wanda zai riƙa auna ruwan rijiyoyi, da sau nawa a shekara.

Wanda ya iya rubutu cikin ƴan makarantar yaƙi da jahilci ya rubuta amsoshin da ranar taron, a ajiye takardar wurin mai gari. Sa hannun minista ba shi ne ƙarshe ba, domin zane yana iya yin kyau a gina wani abu daban. In mutane suka ga launin ruwa ya canza ko wari ya taso, su ɗauki takardarsu su je ofishin muhalli da gandun daji na Dogon Dutsi.